Ruwan Farko na Sabon Tanki

Assalamu alaikum. Kafin in ce komai, bari in fara da ke da kika turo mini saƙo da safe, wai "Hajiya Ma'u, ai ku a zamaninku soyayya ba ta da wahala, tunda babu waya." Na karanta, na kife wayar a kan katifa, na yi ta huci ni kaɗai. Yarinya, waya ce ke kawo wahala? Zauna ki ji abin da tankin ruwa ya yi mini a Jibiya a 1977, ina 'yar shekara goma sha tara. An doshi shekara hamsin yanzu, amma in na tuna har yau zuciyata tafasa take yi, kuma rabin fushin da kaina nake yinsa.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ce 'yar fari a gidan Alhaji Arzika, mai manyan motoci biyu da ke jigilar kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi. Lokacin kuɗin fetur ne, kowa ya samu, kowa yana son a san ya samu. Gidanmu akwai injin wuta, akwai firji mai kananzir, akwai rediyo mai girman akwatin aure. Baba mutum ne da in ya ga abu a gidan Bature, barci ba ya ɗaukarsa sai ya ga irinsa a nasa gidan. Rijiyarmu kuwa zartsi ce, ruwanta kamar an jiƙa kanwa, har likita ya ce masa in bai daina sha ba ƙodarsa za ta ba shi labari. Shi ne ya sayo injin tace ruwa a hannun wani Bature da zai bar Maraɗi, aka kafa shi a bangon madafi.

Injin nan yana da hali. Ka ba shi bokiti huɗu, ya tace ɗaya ya tara a wani farin tanki mai kamar tukunyar gas, ukun ya tsiyayar da su ta wani siririn tiyo. Innata ta tsane shi tun ranar da aka kawo shi. 'Yar ƙauyen Bugaje ce, kuma a shekarun fari da idonta ta ga shanun ubanta suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, da hannunta ta yi ta tonon yashi a gulbi tana kwalfar ruwa da 'yar ƙwarya. Mace ce da ko ruwan wanke shinkafa sai ta samar masa aiki. Wata rana ta kasa daurewa, ta cusa tsumma a bakin tiyon don ya daina "ɓarna". Injin ya shaƙe, ya yi wata biyu a mace. Ranar Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce mata, "Kika ƙara sa hannu cikin lamarin injin ga, Bugaje za ki kwana, kuma wallahi ba ni aika biko." Duk Jibiya an san Alhaji Arzika ba ya rantsuwa ya janye.

Wanda ya tayar da injin a wancan karon shi ne Kalilu. Ɗan Magama ne, can bakin iyaka, ya koyi aikin famfo a wurin masu haƙar rijiyoyin burtsatse a Nijar. Dogo, baƙi, mai ɗan wushirya, kullum cikin shuɗin kaki da sufana a aljihun baya. Ran zance kuwa sai ya sha wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, yana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai, ni kuma in yi ta yi masa dariya. Wata bakwai yana zuwa wurina. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai cewa ya yi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai tara 'yan'uwansa, a nan za a yanke ko Kalilu ya turo magabatansa. Kun ji abin da ke gabana a wannan makon.

Ranar Litinin tankin ya mutu. In ka buɗe famfo sai ya ba ka kofi ɗaya, sannan ya koma ɗiga kamar hawayen munafuki, alhali tankin cike yake, ɗaga shi ma sai ƙato. Aka kira Kalilu. Ya danna wani ɗan bawul a gindinsa irin na tayar keke, maimakon iska sai ruwa ya yi tsartuwa. Ya ce wa Baba robar da ke ciki ta yage, ita ce ke riƙe iskar da ke tunkuɗo ruwa, kuma ba ta ɗinkuwa, sai sabon tanki. Ya hau mota ya tafi Maraɗi. Ranar Alhamis da hantsi ya dawo da shi a kafaɗa, naɗe cikin buhu.

Baba ya tafi Katsina a ranar, don haka ƙaninsa Baba Rabe ne ya shigo da shi cikin gida. Mu mata aka ce mu shige ɗaki. Ni dai na samu ɓular labule na kafa ido, sanye da sabuwar atamfata mai ganyen kuka, wai ko da zai waiwayo. Bai waiwayo ba, ɗan rainin wayo. Ya rufe ruwa, ya tsiyaye tsohon, ya kwance shi da sufana. Ya naɗa farin zare a bakin sabon, ya ɗaura, ya ɗauko famfon keke ya ba shi iska yana duba wani ɗan agogo. Sannan ya zaro wata ƙaramar kwalba daga aljihu, ya ɗiga abin da ke ciki a tiyon da ke shiga tankin.

"Mi ne ne wanga?" in ji Baba Rabe.

"Jabel ne, Baba, maganin ƙwayar cuta. Na wanke cikin tanki."

Baba Rabe ya taɓe baki. Dama ba ya ƙaunar Kalilu, "ɗan Faransa" yake ce masa saboda zamansa a Nijar. Ana cikin haka aka aiko an tsayar da motarsa a kan iyaka, ya figi hularsa ya ce, "In ka gama ka hita," ya yi gaba.

To a nan matsalar ta faro. Baba ba ya nan, Baba Rabe ya tafi, babba a gidan sai Inna. Kalilu kuwa mai neman 'yarta ne, ko hanya suka haɗu sai ya tsuguna ya sunkuyar da kai har ta wuce. Ta ina zai tsaya yana ba surukarsa umarni a kan ruwan gidanta? Sai ya fita zaure ya yi gyaran murya sau biyu, na gane ni yake kira. Na yafa gyale na fita. Ya miƙo mini takarda, bayan kwalin sukari ne ya yaga ya rubuta:

"Ma'u, cikar farko da ta biyu a zubar da su duka. Akwai magani a ciki. Ko akuya kada ta sha. Ta uku ita ce ta sha. Naki, K."

"Kin gane?" ya ce.

"Ni da na yi aji bakwai? Na gane mana."

"Ki hwaɗa ma Inna. Ni ba ni iyawa."

"Tsoronta kake ji?"

"Kunya dai. Gobe in sha Allahu sai kin ji kunyar tawa uwar, mu ga bakinki."

Na murguɗa masa baki na shige, zuciyata fari tas.

Na faɗa wa Inna. Allah shi ne shaidata, na faɗa mata, har na karanta mata takardar. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"A zubar? Ruwan da anka tace?"

"Inna, ya ce akwai magani ciki."

"Magani ai lahiya yake sawa. Uku injin ke zubarwa, yanzu ɗayan ma a zubar. Wanga yaro bai taɓa jin ƙishirwa ba."

"Don Allah Inna."

"Na ji. Tahi ki kai ma Nana ɗinkinta, ni zan zubar."

Na tafi. Wannan ne kuskurena na farko. Ni da na san uwata, na san ko za a yanka ta ba za ta iya tsayawa ta ga ruwa garai-garai yana bin rariya ba, amma na ɗauki ɗinki na tafi gidan ƙawata, muka ɓata yini muna zancen kalar ankon biki. Da na dawo na ga tankin wayam, na ce alhamdu lillahi. Ban lura da sabuwar randar da aka turara da jema aka rufe da faifai a bayan ƙofa ba.

Ranar Juma'a Inna ta dama fura. Ku da kuka san furar Inna sai dai labari: citta, kanumfari, barkono kaɗan, kindirmo mai kauri, ga ƙamshin turaren randa. Ko kananzir aka zuba a ciki ba lallai hanci ya kama ba. Ni na kai ƙwaryar zaure da hannuna, na durƙusa na gaishe su. Baba na zaune, ga Baba Rabe, ga babban yayansu Baba Maharazu, tsoho mai ciwon gyambon ciki, wanda maganarsa ce ke yanke komai a danginmu. Shi aka fara miƙa wa ludayi. Baba yana ta fankama, "Yaya, sha ka ji ruwan sabon tanki, ko Gwamna sai haka."

Ba a yi rabin awa ba na ji salati. Baba Maharazu ya dafe ciki yana kelaya amai a kan tabarma, yana cewa maƙogwaronsa na ƙuna. Baba ma yana ta kakin yawu. Sai muryar Baba Rabe ta cika gidan:

"Na sani! Wallahi na sani! Da idona na ga yaron ga ya hiddo kwalba ya zuba abu cikin tanki. Asiri ne! Ya san yau za mu yanke magana, shi ne ya ba mu mu sha don bakinmu ya mutu!"

Jama'a, kun ji fa. Mutum ya ɗauko tanki a kafaɗa tun daga Maraɗi, ya wanke shi don kada ƙwayar cuta ta taɓa su, sakayyarsa ke nan. Na ruga madafi, na buɗe randar, na kai hanci. Ƙarƙashin ƙamshin jema ga warin nan, irin na asibiti. Na juyo na kalli Inna. Tana tsaye riƙe da muciya.

"Inna, ba ki zubar ba."

"Yi mani shiru."

"Inna!"

"Na ce ki yi mani shiru. Ruwa ne hwa, Ma'u. Ruwa ne."

Aka kai Baba Maharazu wurin malamin asibiti, aka ba shi madara da wani farin magani, kafin la'asar ya dawo da ƙafarsa. Aka aika a kira Kalilu. Ya zo da fara'arsa cikin farar shadda, yana zaton albishir za a yi masa. Ina laɓe a bayan ƙofar zaure na ji komai. Ya rantse, ya yi bayani, ya ce jabel ne, ko'ina a Nijar da shi ake wanke tanki, kuma ya bar saƙo a zubar da cika biyu.

"Wa ka bar ma saƙon?" in ji Baba.

Kalilu ya gyara zama.

"Tambayarka nake."

"Ma'u na hwaɗa ma, Alhaji."

Aka ƙwala mini kira. Na shiga na durƙusa. Takardar tana ƙulle a bakin zanena, ina jin tudunta a cinyata. Ta gefen ido ina hango ƙafafun Inna a ƙarƙashin labulen ƙofar cikin gida, da lallenta da ya fara koɗewa. In na ce e, tambaya ta gaba ita ce wa na faɗa wa, kuma wa ya ɗebi ruwan. Shekara ashirin da ɗaya tana gidan nan. Ƙannena huɗu, ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba.

"Ma'u," in ji Baba, "ya ce maki a zubar da ruwa?"

Kalilu bai ko kalle ni ba, don ya tabbata. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har gobe. Ya zauna hankali kwance kamar wanda ya ba da ajiya a hannun amintacce.

Na ce, "Bai ce mani komi ba, Baba."

Ku zage ni, na ba ku izini. Ni ma na zagi kaina fiye da yadda za ku iya.

Sai a lokacin ya juyo. Bai yi tsawa ba, bai ce ƙarya nake ba. Ya dube ni, ya dubi labulen, ya ga ƙafafun, na ga lokacin da ya gane. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ƙila mantawa na yi, Alhaji. A yi mani aikin gafara."

"Mantawa!" Baba Rabe ya yi tsalle. "Ɗazu ya ce ya hwaɗa, yanzu ya ce ya manta. Kun gani? Maƙaryaci ne, boka ne!"

Baba Maharazu ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce ko asiri ne ko sakaci, shi dai ba zai ba da ɗiyarsu ga wanda ya kusa kashe shi ba. Baba ya ce wa Kalilu kada ya ƙara taka ƙofar gidan, ba da sunan zance ba, ba da sunan gyara ba. Kalilu ya miƙe, ya sa takalmansa, har ya kai bakin ƙofa ya tsaya.

"Alhaji, wadda ke cikin tankin yanzu cika ta biyu ce. Ita ma a zubar."

Kafin magariba labari ya gama gari. Masu shayi a tasha suna cewa Kalilu mai famfo yana zuba wa mutane asiri a ruwa. Gidaje biyu da ya fara yi wa aiki suka aiko ya zo ya kwashe kayansa. Garin da kowa ke haƙa rijiya yana jan famfo, aka wayi gari babu mai yarda ya taɓa masa tiyo.

Ni kuwa na daina yi wa Inna magana. Ta miƙo mini tuwo, na kau da kai. Ta ce, "Allah shi yi maki albarka, ɗiyata," na ji kamar ta watsa mini barkono. Albarkar me? Na ji haushinta, na ji haushin Baba da rantsuwarsa da injinsa na fankama, na ji haushin Baba Rabe da bakinsa, na ji haushin kunyar da ta hana namiji mai hankali ya buɗe baki ya ce wa dattijuwa "kada ki sha wannan". Har Kalilu na ji haushinsa, da ya rufa mini asiri maimakon ya tona ni kowa ya huta.

Ranar Litinin da sassafe Nana ta shigo ta raɗa mini cewa an ga Kalilu da akwatinsa zai ƙetara Nijar. Ban nemi izinin kowa ba. Na zari gyale, na hau motar da ke zuwa kan iyaka, silifas ɗina ma wari da wari. Na same shi a Magama, zaune a kan buhunan siminti a bayan wata babbar mota, ana duba takardun direba. Motoci sun yi layi, masu canjin sefa na ta kai da kawo, ni ko ganinsu ba na yi.

"Kalilu."

Ya sauko. Ya rame cikin kwana uku.

"Kin hwaɗa mashi?"

"A'a."

"To mi ya kawo ki?"

"Ka san dalili. Ka ga ƙahwahunta."

"Na gani. Shi ya sa na ce mantawa na yi. Na ɗauki sakaci, Ma'u, sakaci ana yahe shi. Amma boka suke ce mani. Jiya uwata ta je awo, mai awo ya ƙi amsar kwanonta. Ita mi ta yi?"

Na rufe fuskata da gyale. Hawaye ne kawai, na takaici.

"Takardar tana nan?"

Na taɓa bakin zanena.

"Ba ni ce maki ki kashe auren uwarki," ya ce. "Ba ni kuma iya zama garin da ake tsoron shan ruwa daga hannuna. Ran Lahadi zan shigo kasuwa. In an wanke ni, zan ji tun daga tasha. In ba a wanke ni ba, Arlit zan wuce, arewacin Nijar, ana neman masu aikin famfo can. Kada ki aiko, kada ki neme ni."

Aka ɗaga sandar shinge, direba ya yi ham, ya kama ƙarfe ya haye. Ban ɗaga masa hannu ba, shi ma bai ɗaga ba.

Na dawo gida da niyyar in zazzage wa Inna duk abin da ke cikina, ko da za a ce na yi rashin kunya. Na banka labulen ɗakinta. Sai na tarar ta sauke jerenta. Kwanonin samiru da tasoshin da ta yi shekaru tana gogewa duk an jera su a ƙasa, zannuwanta ƙulle a cikin babban mayafi, ƙaramar ƙanwata goye a bayanta. Ashe Nana ta gaya mata inda na tafi.

"Kin gan shi?" ta ce.

"Na gan shi."

"To. Ni na ɗebi ruwan, ban musa ba. Bakina ba ya iya hwaɗa ma ubanki, na gwada sau uku tun jiya. Ke ki tahi ki hwaɗa mashi. Ga kayana na ɗaure, ba sai ya kore ni da tsawa gaban mutane ba. Sauran yaran ki riƙa duba su, Abdu ba ya cin tuwo in babu man shanu."

Wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi. Na zo da faɗa cike da baki, ta ƙwace shi, ta ɗora mini duka kayan a ka. Na tsaya ina kallonta, ban san ko in rungume ta ko in fasa ihu ba.

Sai muka ji tarin Baba a zaure, ya dawo daga tasha.

"Ma'u! Kawo mani ruwa in sha."

Na ɗauki kofin silba, na tara a famfon. Ruwan ya zubo da ƙarfi, garai-garai, tankin Kalilu yana aiki yadda ya ce zai yi. Na kwance bakin zanena, na ciro takardar, na shimfiɗa ta a kan faranti, na ɗora kofin a kanta. Inna tana bakin ƙofarta da goyo tana kallona, ba ta ce in tsaya ba.

Na yi sallama a ƙofar zaure. Baba ya ce, "Shigo."